Shamuwar Baba Nedyalko

A dam ɗin da ke saman garinmu babu tsuntsun da ban san lokacin zuwansa ba, kuma ba cika baki nake yi ba. Shi ya sa da likita ya ce idon mahaifina Nedyalko ba zai kai lokacin zafi yana gani ba, sai na dafa kafaɗarsa na ce, "Baba, shamuwar bana da idonka za ka gan ta. Ka bar mini wannan."

Martenitsa ce damuwarsa, zaren nan ja da fari da muke ɗaurawa a hannu farkon Maris. Ba a kwance shi sai an ga shamuwar farko, sannan a ɗaura wa itace mai fure don a samu lafiyar shekara. Yaran yanzu ko a talabijin suka gani sai su cire. Baba kuwa, ina! Na nuna masa hoton wata shamuwa da aka ɗauka a kudu, ya ture wayar.

"Kai Zdravko, hoto gani ne? Ni za ka yi wa wayo?"

Da sassafe na ɗauko shi, na naɗe shi da bargo, na zaunar da shi a ƙarshen ruwan, gefen da ƙanƙara ta riga ta narke. Agwagin ruwa sun cika wurin maƙil. Na kafa kyamara da dogon gilashinta, shi kuwa yana cin banitsa, gashin fulawar nan mai cuku, yana mita: sanyi ya yi yawa, kujera ta karkace, ɗansa ya ƙare a bin tsuntsaye.

Can sai wani dogon tsuntsu ya gifta ta gabanmu. Baba ya ɗaga kai da sauri.

"Mene ne wancan?"

Na rantse saura kaɗan in ce ita ce. Wa zai sani?

"Zalɓe ne, Baba."

"Ai na ji kukansa, kamar tsohuwar ƙofa. Gwada ka nake yi."

Rana ta ɗaga sosai kafin shamuwar ta zo. Ta ɓullo ta bayan dutse, wuya a miƙe, ta sauka a tsallaken ruwa, haske a kanta, inuwarta a ƙarƙashinta. Irin hoton da na daɗe ina nema ke nan. Na miƙa wa Baba madubin hangen nesa. Ya juya shi nan, ya juya can.

"Hazo kawai nake gani."

A nan dai tsoro ya kama ni sosai. Na saita kyamarar a kan shamuwar, na jawo ta kusa iyakar ƙarfin gilashin, na rage tsawon ƙafafun kyamarar daidai fuskarsa, na lulluɓe kansa da rigata don kada rana ta dame shi.

"Ba hoto ba ne, Baba, ban danna komai ba. Ita ce da ranta. Ka ɗauka tabarau ne ka sa."

Ya yi ta leƙawa har na fara jin haushin kaina. Sai ya ce, "Ga fari. Ga baƙi a baya. Kai, ta motsa! Ja'ira, dubi jan ƙafa!"

Ya rungume kyamarar da hannu biyu, ya tokare ni da gwiwar hannu kada in matso, har tsuntsuwar ta gama kiwonta ta tashi. Ko hoto ɗaya ban samu ba, kuma ko a jikina.

Ƙullin zaren ya gagari yatsunsa, ya ƙi in taimaka, da haƙori ya kwance shi. Na riƙe shi muka hau zuwa wani itace da ya fara fure a bakin hanya. Ya laluba reshe, ya ɗaura, ya tsaya yana shafa furen.

"Baɗi kai za ka gano mini ita," in ji shi. "In ka ce ita ce, zan yarda."