Raken Ustaz Shahhat

Ustaz Shahhat, malamin lissafin ƙauyenmu, ya miƙo mini wayarsa ya ce in riƙe in ɗauke shi yana darasi. Yana kwance, ciwon hanta ya cinye shi, jarrabawar 'yan aji shida kuma ta matso.

"Ni manomin rake ne," na ce. "Nemi wani."

"Kowa ya dube ni sai hannunsa ya hau rawa, Hajji Gad. Kai ne ba ka da tausayi."

Na riƙe.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum da hantsi nakan shigo masa da rake. Ya yanka biyu, ya yanka huɗu, yana bayanin lissafi, wayar tana ɗauka. Ba ya ja da tsawo. Ya ce darasin waya in ya wuce shan kofin shayi, yaro ya tafi ya bar ka. Sai ya tura wa iyaye, kowane yaro ya yanka nasa raken ya maido amsa da bakinsa. Yakan saurare su ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe.

Jikata Nagat, da ko sunan lissafi ta ji sai kuka, rannan na ji muryarta tana ba da amsa daidai.

"Ta fi kakanta kai," in ji shi.

"Uwarta ta biyo."

Allah ya saka masa. Ni ban iya faɗa masa haka ba.

Da wuƙa ta fara gagararsa, sai ya shiga ɗaukar darasi bibbiyu yana ajiyewa. Ranar Talata ya cika.

A ƙauyenmu in an yi rasuwa ba a kunna talabijin ko rediyo sai an yi arba'in. Ba wanda ya kai ni tsare wannan. Iyaye suka ɓoye wayoyi. Jarrabawa kuwa ba za ta jira arba'in ba.

Da aka tashi daga zaman makoki, matarsa ta aiko mini da wayar. Na tara yaran a gindin katangata, Nagat ta danna, na riƙe. Sai ga wan marigayin, Abdurradi.

"Hajji, har da kai? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

A cikin wayar Shahhat ya yi tari, ya ce, "A hankali da wuƙa, 'ya'yana." Yaran suka ɗauki rake.

"Kashe ta," in ji Abdurradi.

"Ba zan kashe ba."