Kakin Aro

Malama Hafsat, ma'aikaciyar asibitin, ta ɗaga hoton ƙirjin ta kara shi da hasken taga. Haƙarƙarin Badaru suka fito a jere, farare tas.

"Wannan baƙin shi ne huhu mai lafiya, iska ce a ciki," in ji ta. "Wannan farin na sama, ta dama, shi ne bai kwanta mini ba. Tabo ne. Amma hoto ba ya faɗin sunan cuta, sai gwajin kaki. To, na'ura ta duba kakin da ka kawo, ba ta ga ƙwayar tarin tibi ba."

"Alhamdu lillahi," Badaru ya yi saurin cewa. "Ai na gaya miki, Malama, hayaƙin icce ne. Mai shayi ba shi rabuwa da tari."

"Da zufar dare? Da wannan ramar?" Ta dube shi sosai. "Kakin naka ne na asuba, wanda ya taso daga ƙirji, ba miyau ba?"

"Shi na kawo."

Safinatu, matarsa, tana zaune a bakin benci, goye da 'yarsu Na'ima. Nan take wani abu ya faɗo mata a rai. Ranar da za a kai kakin, Zayyanu ƙanin mijinta ya yi sammako gidansu, abin da bai saba ba. Su biyu suka zagaya bayan danga. Ta jiyo Zayyanu yana ta kakari, har ta yi masa tsiya ko ƙaya ya haɗiye. Da suka fito, 'yar robar gwajin tana hannunsa, a rufe.

Ta buɗe baki, amma ita mace ce da ko gaisuwa a gaban baƙi sai ta sunkuyar da kai. Sai ta shiga gyara goyonta.

Malama Hafsat ta miƙo wata sabuwar roba, Badaru ya karɓa ya sa a aljihu. "A sake. Gobe da safe. In tibi ne, maganin kyauta ne, wata shida, kuma ana warkewa sarai. In an bar shi, na gida yake fara kamawa." Ta dubi goyon Safinatu. "Yarinyar tana tari?"

"Kaɗan," in ji Safinatu.

A motar da ta ɗauko su daga Bodinga zuwa Shagari ta kau da fuskarta wajen taga. Badaru yana ta hira da direba a kan kuɗin albasa, yana dariya, yana danne tari da hannun riga. Duk tarin da ya danne, sai ta ji kamar ita ake shaƙewa.

Suna shiga gida ta sauke Na'ima, ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Malam, ƙirjin wa anka auna?"

"Wace irin magana ce wagga?"

"Hoto naka, kaki na Zayyanu. Ƙarya nike?"

Ya waiga wajen danga. "Rage murya."

"Ba ni ragewa! Ka tashe ni tun da safe, na bi ka asibiti awa wata sakara, ina ta addu'a a zuci, ashe kai ka riga ka shirya amsa."

"Ke mi kinka sani?" Muryarsa ta yi kauri. "Kin tuna Sodangi mai tsire? Ranar da anka ce tibi gare shi, ko kare bai sake tsayawa wurin tukubarsa ba. Wa zai sha shayi a kofin mai tibi? In teburin ga ya mutu, mi za mu ci?"

"Su masu shan shayin ba mutane ba ne? Ka yi ta yi musu tari a kofi, su biya ka?" Ta nuna tabarmar da Na'ima ke kwance. "Wagga fa? A tsakaninmu take kwana. Numfashinka take shaƙa har gari ya waye. Ka ji tsoron bakin 'yan tasha, ba ka ji tsoron haƙa ƙaramin rami ba?"

Ya ɗaga hannu kamar zai tsawatar, sai tarin ya sarƙe shi. Ya dafa bango, ya daɗe a duƙe. Ba ta kawo masa ruwa ba. Tun da aka kawo ta gidan, yau ne karon farko.

Da ya samu kansa, ya laluba aljihu. Robar ba ta nan. Ya dube ta, ta dube shi. Ya fita wurin teburinsa ba tare da ya tambaya ba.

Washegari, yana dawowa daga sallar asuba tarin ya taso masa kamar kullum. Ya nufi bayan danga. Ya tarar da ita a tsaye a hanya, ta rufe hanci da gefen hijabi, robar a buɗe a hannunta.

"Ba ni," ya ce.

"A hannuna za ka yi."

Ya tsaya. Daga cikin ɗaki Na'ima ta yi ɗan busasshen tarinta, sau biyu. Badaru ya runtse ido, ya sunkuya. Abin da ya fito mai kauri ne, da zaren jini a ciki. Dukansu sun gani.

Ta murɗa murfin da ƙarfi, ta sa a leda ta ƙulle, ta wanke hannu da sabulu. Ta goya Na'ima, don ita ma yau sai an duba ta.

A zaure ta ci karo da Zayyanu, yana shirin sallama, yana gyaran murya.

"Matar yaya, ina zuwa da sassafe haka?"

"Bodinga," in ji ta, ba ta tsaya ba. "Koma ka yi barcinka. Yau ba mu aro."