Sawun Taya a Kan Ɗanyen Fenti

Shekara goma sha tara Dogo ya yi yana ja wa titunan birnin farin layi kafin hukuma ta kawo koren fenti. Aka ce za a ware wa masu keke gefensu, tun daga tashar jirgin ƙasa har babban asibiti. Direbobi suka yi ƙorafi har suka gaji. An gama kilomita shida, jama'a har sun fara hawa, saura gangaren da ke bayan tsohuwar masaƙa.

Ranar Talata su Dogo suka shafa mita arba'in, suka tare gaba da baya da shinge, suka zauna a inuwar motar aiki suna cin abincin rana. Dogo yana fuskantar titin, bai ga kowa ya wuce ba. Da ya tashi wanke hannu sai ya ga sawun taya.

Siriri ne, na keke guda. Daga tsakiyar fentin ya fara, ba daga baki ba. Ya miƙe kamar taku ashirin, daidai turken fitila ya karkace hagu da ƙarfi, ya fita hanyar motoci. A kan baƙar kwaltar kuwa ko ɗigon kore babu.

Injiniyar da ke kula da aikin ta iso, matashiya ce mai saurin magana.

"Baba Dogo, wa ya shigar mini fenti?"

"Ranki ya daɗe, idona na kan titin nan. Ko kaza ba ta gifta ba."

"To, aljanu ne suka sayi keke?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Aka kankare, aka sake shafawa.

Washegari ita da kanta ta tsaya gadi, rana tsaka, waya a hannu don ɗaukar hoto. Dogo na gefenta riƙe da burushi. Sai suka ji ƙarar sarƙa irin wadda ta daɗe ba ta sha mai ba, tana gangarowa a hankali. Ba kowa a titin. Fentin ya fara darewa a gabansu kamar ana jan yatsa a ciki, sawun ya wuce su da tazarar kamu ɗaya, har iska ta kaɗa wa Dogo ƙafar wando. Daidai turken fitila ya karkace hagu, ƙarar ta ɗauke.

Injiniya ta duba wayar. Ba ta ma danna komai ba. 

Akwai wani tsoho mai facin taya a jikin katangar masaƙar. Dogo ya kira shi. Ya zo yana jan ƙafa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Irin wannan tayar an daina yin ta tun ina saurayi," in ji tsohon. "Ga faci ma, ka duba, duk juyi ɗaya sai ya bar tabo."

"Baba, ka san mai ita?" Injiniya ta tambaya.

"'Yata, a da mutum dubu biyu ke aiki a masaƙar nan, duk a kan keke. In an tashi aiki ba ka ganin kwalta. Da motoci suka yi yawa, wasu suka koma hawa bas, wasu kuma..." Ya share hannunsa a riga. "Ni dai wanda na ga ya saba da gangaren nan, ban taɓa ganin ya kauce haka kawai ba."

Dogo ya ɗauko ƙarfen haƙa daga mota. Ya buga ƙasa nesa da turken, ta amsa da nauyi. Ya matsa inda sawun ya kauce ya buga, sai ta yi ƙara kamar an doki ganga.

Da aka kawo motar haƙa, kwaltar wurin ba ta fi kaurin tafin hannu ba. A ƙarƙashinta tsohon magudanar ruwan masaƙa ne, rufinsa ya rufta, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. Shekara da shekaru tarin baraguzai ne a gefen, shi ya sa mota ba ta taɓa takawa ba. Dogo ya haska tocila ciki, yana jiran ya ga ƙarfen keke ko abin da ya fi haka. Baƙin ruwa kawai ya gani, ko motsi ba ya yi.

Gyaran ya ci mako uku. Injiniya ta rubuta a rahotonta cewa gwajin ƙasa ne ya gano ramin, ba wanda ya musa mata. Ranar da aka sake shafa fentin, Dogo ya ƙi cin abinci, ya tsaya a kai har ya bushe. Sumul ya fito.

Babbar 'yar Dogo ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti. Da aka buɗe hanyar ta sayi keke, ta huta da cunkoson bas. Wata Asabar da hantsi ta dawo daga aiki, tana shigo da keken tsakar gida, ta same shi yana wanke burusansa.

"Baba, hanyarku ta yi kyau. Sai dai akwai wani dattijo da nake tararwa kullum a gangaren masaƙa, da wani tsohon baƙin keke. Ba ya sauri, amma na kasa wuce shi. In na taka, sai in ga tazarar tana nan yadda take."

Dogo ya ajiye burushin cikin bokiti.

"Kin ga fuskarsa?"

"Ƙeyarsa kawai. Ko na buga ƙararrawa ba ya waigowa."

"Daina buga masa," in ji Dogo. "Ki bi bayansa. Inda ya bi ki bi, kuma kada ki ce sai kin wuce shi."

Ta yi dariya, ta ce Baba ya fara tsufa. Ta jingina keken a bango ta shige ɗaki neman ruwan sha.