Kusurwar da Baba Yake Gani

Auta ce ta zana kartar, ƙanwarmu mai aiki a maɗaba'a. Tun da hannun Baba na hagu ya shanye, tsohuwar kartarsa take zame masa, sai ta buga masa sabuwa a kwali mai kauri. Ta share ɗige-ɗigen tsakiya ta zuba tsuntsaye, lamba kuma ƙatuwa a kusurwar hagu ta sama kaɗai. Wai haka ake yayi yanzu.

Abokansa suka zo wasa a falo, Tela da Direba. Baban da babu mai cinye shi a unguwar nan, sai ga shi ya jefa bakwai inda ake neman uku. Tela ya yi dariya. Baba ya sake jefa shirme, dariyar ta ɗauke.

Ni dai kaina ya kulle. Mutumin da ya gama gyara mini lissafin magungunansa da safe? Na ɗaga kati ɗaya a gabansa, ya ce tara, tara ce kuwa. Aka koma wasa, ya koma ɓarna. Ikon Allah!

Yaya ya ja ni baranda. "Ƙwaƙwalwar ce ta fara taɓuwa. A daina tara masa mutane yana jin kunya."

"Haba Yaya, wasan nan kaɗai ya rage masa."

"To kai gaya mini me ke damunsa."

Haushi ya kama ni. Na dawo na tsaya bayan kujerar Baba don kada ya ga fuskata, sai idona ya sauka a hannunsa. Da hannun dama yake riƙe katunan yanzu, babban yatsansa ya baza su ta ɗaya gefen. Kowane kati ya rufe lambar na bayansa. Fararen kusurwoyi kawai yake kallo, da jelar tsuntsu. Tsohuwar kartar kuwa kowace kusurwa da lambarta.

Na sunkuya. "Baba, ashe canka kawai kake yi? Me ya hana ka faɗa?"

Ya leƙa ƙofa, inda Auta ke shigowa da shayi tana murmushi. Ya rage murya.

"Tsuntsayen sun yi kyau. Kada ka gaya mata."

Ya turo kati da yatsa, ya faɗi a tebur. Shi ma ba shi ake nema ba.