Lasifikar Hagu

Tun ranar da aka sake shigo da wasu manyan kwalaye falona na ji a jikina cewa wannan sayayya ba za ta ƙare lafiya ba. Ban dai san ta inda abin zai ɓullo ba, shi ya sa na fara zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Babban ɗana, wanda ƙannensa ke kira Injiniya, ya samu aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti, shi ke daidaita muryoyi da kiɗa kafin a fitar. Da kunnensa yake cin abinci. Da ya fara ganin albashi sai ya ce zai sayi lasifikoki masu kyau, irin waɗanda ake girkewa biyu a falo, dama da hagu, don ya riƙa sauraron aikinsa a gida. Akwai wani mai shago da ake ce wa Dogo, yakan bari mutum ya kai kaya gida ya gwada, in ba su yi masa ba ya dawo da su.

Na farko baƙaƙe ne dogaye, na wani kamfani da ya ce ba a kai shi ƙarfin ganga ba. Ranar da aka kunna su har kofuna suka riƙa rawa a kan tebur. Ya zauna a tsakiyar kujera ya rufe ido, can ya ce ta hagu a dishe take. Aka mayar. Aka kawo farare masu ƙaramin ido a sama, waɗanda ya ce su ne gwanayen fitar da siririyar murya. Su ma ta hagu ba ta yi ba. Sai ga na katako ja, masu nauyin da sai mutum biyu suka ɗauka.

"Yaya, wai kai duk duniya ba a iya ƙera ta hagu ba ne?" in ji Auta. "Ko mu saya maka ta dama guda biyu?"

"Ke da ba ki san bambancin rediyo da injin niƙa ba, rufe mini baki."

Ni dai raina ya ba ni Dogo ne ke haɗa masa mai kyau da wadda aka gyara, ganin yaro ne. Ban gaya wa kowa ba, na tashi daga aiki na wuce shagon. Na tarar da shi yana goge ƙura, na zazzage masa abin da ke cikina.

Bai yi fushi ba. Ya janyo mini kujera, ya kunna fararen nan da aka dawo masa da su, ya ce in saurara. Ban san kan sauti ba, amma na ji muryar mai waƙar ta tsaya cak a tsakiya, kamar tana gabana.

"Baba, ni ma abin ya dame ni," in ji shi. "Kamfani dabam-dabam, kuma kullum hagu? Na ce masa ya musanya su, ta dama ta koma hagu, a ga ko dishewar za ta bi ta. Wannan ai ko sabon shiga ya san shi. Sai ya ce ba shi zan koya wa aiki ba."

Na fito ban gama yarda da shi ba, don ɗan kasuwa bakinsa zaƙi ne da shi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Na fara lura da yaron. Waya kullum a kunnen dama. In mahaifiyarsa ta yi magana daga ƙofar kicin, wadda ke hagu da kujerarsa, sai ta maimaita, har ta riƙa cewa ya fara girman kai. A wajen cin abinci ya sauya wurin zama, ya koma ƙarshen tebur inda kowa ke gefensa na dama.

Wata rana da yamma, kafin ya dawo daga aiki, na kira Auta muka ja jajayen nan, muka musanya su har da wayoyinsu. Na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Da ya shigo ya zauna ya kunna, ni kuma ina gefe ina riƙe da jarida, ko layi ɗaya ban karanta ba.

"Ka ji ko, Baba? Har yanzu ta hagun nan. Gobe zan mayar masa da tarkacensa."

"Wacce kake nufi?"

Ya nuna ta da yatsa. Ita ce wadda jiya yake yabo, yana cewa da duka biyun haka suke da an gama magana.

Na ce Auta ta ba mu wuri. Na gaya masa abin da muka yi. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya rage sautin a hankali har ya mutu, ya zuba wa kafet ido.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Ba komai ba ne, Baba. Mura ce ta toshe mini kunnen hagun."

"Murar da ta sa ka sauya kujera? Ni na haife ka fa."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce akwai wata ƙara siririya da ke yi masa a kunnen, ba ta tsayawa, tun wani aiki da suka yi a babban taro, inda ya wuni kusa da lasifika. A wurin aiki ido yake sa wa allon na'ura ya daidaita, ba kunne ba. Ya ce yana ta fata ne a samu wata lasifikar da za ta yi daidai, don ya san ba daga kunnensa matsalar take ba.

"Don Allah kada ogana ya ji. In ya ji, shi ke nan."

Na ce ba ruwana da ogansa, amma asibiti dole, kuma tare za mu. Ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai ciki ba. Mahaifiyarsa ta ce ƙila datti ne kawai, a wanke a huta. Na ce Allah Ya sa, ban gaya mata zancen ƙarar ba.

An ba mu rana mu ga likitan kunne. Har yanzu ban sani ba ko abin da zai warke ne ko wanda ya riga ya tafi, ban kuma sani ba ko na daman lafiyarsa ƙalau kamar yadda yake rantse mini.