Abdurrazak Ya Ƙara wa Rubutu Girma

"Ajiye can, Yaya, zan sha," in ji Abdurrazak, ko ɗago kai bai yi ba daga kwamfutar.

Mas'uda ta ajiye kwanon kunun kusa da na jiya, wanda shi ma bai taɓa ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, ɗakin sai zafi da warin magani. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga, ya ɗora su bisa kwali. Matarsa Najaha na bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ta gaji da yi masa magana.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Mas'uda. Shi ya ƙirƙiro manhajar da shagunan magani ke aiki da ita a Matameye, har Kurni da Ɗan Barto. Ka buga sunan magani, ta nuna maka ko akwai shi, da ranar lalacewarsa. Kamfanin dai shi ne shugaba, shi ne ma'aikaci, shi ne mai shara. In ya yi gyara sai ya zuba shi a kile, ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba, ya hau babur ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, don rezon intanet ba abin dogaro ba ne a ƙauye.

Ga shi da dogon buri. Tun bara yake zancen sabuwar manhaja, wai za ta hau waya, za ta yi Hausa da Faransanci, za ta riƙa sabunta kanta ba sai ya je ba. Duk wanda ya kawo ƙorafi amsarsa ɗaya: "Sai a sabuwa."

Amsar da Mas'uda ta sha samu ke nan. Ita ke tsaron shagon maganin Alhaji Mahaman a bakin tasha, da aikin take riƙe jikokinta marayu. Idonta ya fara yana. Likitan Damagaram ya ce sai ta nuna kafin a yi aiki, tabarau kuwa bai tsinana komai ba, rubutun manhajar ya koma mata kamar tururuwa. Watan jiya ta miƙa wa wata mata maganin tari da ranarsa ta wuce. Alhaji ya lura kafin matar ta fita, ya ce in aka sake ta ba shi makullinsa. Bai san zancen idon ba, Abdurrazak kaɗai ta gaya wa.

"Abdu, ka kwanta mana," ta ce. "An ce ƙodarka hutu take so."

"Ƙodar ai ta riga ta huta, Yaya. Ni ta bari da aiki."

Ya yi dariya, tari ya katse ta. Mas'uda ta jira ya lafa, sannan ta tsokane shi kamar yadda ta saba.

"To ina aka kwana da sabuwar?"

"Na yar da ita." Ya shafa fuska. "Waya, Hausa, duk na cire. Ba zan kai ba. Abu guda na riƙe, rubutu zan ƙara wa girma."

Ta waiga wajen Najaha, ta rage murya.

"Rufa mini asiri. In Alhaji ya ga nawa kaɗai ya girma, ai ya gane."

"Wa ya ce naki kaɗai? Na kowa ne, har Kurni. In zagi ne, ni za a zaga."

"To ba sai ka danna ka huta ba?"

"Da dannawa ce da tun bara na yi. Kowane shafi sai na sake masa wuri, in ba haka ba rubutu ya hau kan rubutu."

Ta ji daɗi, ta kuma ji haushin kanta da jin daɗin. Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika. Mas'uda na tsakar gida tana ɗauraye tukunya ta ji kukan Najaha ta kan katanga, ta zauna a inda take, hannunta cikin ruwa. Kafin magariba an kai shi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu shaguna suka yi ta zuwa gaisuwa. Wasu ko shafa fatiha ba su gama ba suke tambayar juna a hankali, "To yanzu wa zai riƙa gyara mana?"

Bayan sadakar uku Mas'uda ta shiga duba Najaha. Najaha ta miƙo mata gwangwanin madara cike da kile.

"Ya ce a ba direbobin tasha ranar kasuwa, su kai wa kowa nasa. Wannan naki ne, Yaya. Ya ce ki sa da kanki, ki danna kore."

Da safe ta sa, ta danna kore. Kwamfutar ta yi duhu, ta sake kawowa. Sunayen magani suka fito ɓaro-ɓaro, kowane da ranarsa a gefe, ba wanda ya hau kan wani.

Sai bayan kasuwa ta ci Alhaji ya leƙo shagon, ya tsaya a bayanta yana kallo.

"Wannan wane irin rubutu ne, kamar allon talla? Na Kurni ma sun kira ni, wai haka nasu ya koma." Ya yi tsaki, sannan ya sauke numfashi. "Allah ya ji ƙansa. A bar shi haka, wa zai mayar?"

Ya karkaɗa makullin babur ɗinsa ya fita.

Can ƙasan allon, a kusurwa, akwai wani layi da ya daɗe da zame mata ɗan duhu-duhu har ta manta da shi. Shi ma ya girma tare da sauran. Ta karanta shi daga inda take zaune, ba tare da ta matsa ba: "In ta lalace, a kira Abdurrazak." Ga lambar wayarsa a gefe.

Wani mutum ya ƙwanƙwasa kanta yana neman maganin zazzaɓi. Ta ce ya ɗan dakata. Ta kama bakin mayafinta, ta share ƙurar da ke kan layin.