Facin Minti Ashirin

Karo na huɗu ke nan Moushumi tana tsaye gaban teburin Mista Talukdar da takarda a hannu, shi kuwa yana ta tsoma biskit cikin shayi kamar aikin da gwamnati ta ɗauke shi ke nan.

Ta sake yi masa bayani dalla-dalla. An gano wata kafa a manhajar sabar, wato babbar kwamfutar da ofishinsu na kula da mata yake aiki da ita. Duk ɗan kutsen da ya ga dama zai iya shiga ya kwashe sunaye da adireshin matan da suka gudo daga dukan miji. Masu manhajar sun fitar da faci tun mako uku, kuma sa shi aikin minti ashirin ne. Sai dai kalmar sirrin tana cikin ambulan, ambulan na cikin kabad ɗin ƙarfe, kabad kuwa ba ya buɗuwa sai takarda ta zaga tebur biyar.

"In kika taɓa ya lalace, wa za a kira hedikwata a Dhaka, ni ko ke?"

"Yallaɓai, in ba a taɓa ba fa?"

"In ba a taɓa ba, ai ba laifin kowa ba ne."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Shekara talatin bawan Allahn nan bai taɓa kuskure ba, don bai taɓa yin komai ba. Ta haɗiye maganar da ke bakinta, cewa yayarta Shefali na cikin jerin, tana ɓoye a garin Natore da 'yarta da keken ɗinki.

* * *

Kada a zalunce shi, ya ɗauki mataki. Ya kafa kwamitin mutum uku, aka sayo ƙaton kwaɗo aka garƙame ɗakin sabar, aka dasa maigadi da kulki a ƙofa. Har ya kira Moushumi ta gani, yana cewa yanzu ɗan kutsen ya zo in ya isa. Takaici ya hana ta ko da dariya.

* * *

Ranar Talata aka shiga ta intanet aka kwashe komai, maigadi na zaune daram. Kafin Alhamis jerin yana yawo a wayoyin mutane. A ranar takardarta ta dawo daga tebur na uku, wai ta ƙaro kwafi biyu.

Tana riƙe da ita Shefali ta kira, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun hantsi mijinta yake zaune wurin mai shayin da ke kallon gidan.

"Ke kika ce min wurinku ba mai gani."

"Yaya, bi ta baya. Bar keken ɗinkin."

Shefali ba ta kashe wayar ba. Moushumi tana ji tana raɗa wa yarinyar ta cire takalmin nan mai ƙara, ta riƙe shi a hannu.